Ai-si Uku da Takardar da Yaya Ya Naɗe

Ranar Asabar, goma sha ɗaya ga watan Oktoba, da misalin ƙarfe goma da kwata na safe, Allah Ya karɓi ran yayana, wanda abokan aikinsa suka fi sani da Mai Kunne. Shekararsa sittin da huɗu. Ya karya kumallo, ya ce wa matarsa ƙirjinsa ya yi nauyi bari ya ɗan kishingiɗa, kafin a kawo mota rai ya yi halinsa. Daga Allah ya zo, gare Shi ya koma, mu ma muna kan hanya.

Ina cikin wanki aka bugo mini waya. Na ce to, na ajiye wayar, na ƙarasa ɗauraye zannuwan gado, na shanya su ɗaya bayan ɗaya, sannan na nemi mayafi. Yau kwana goma sha biyu ke nan, Yaya, hawaye bai zo mini ba. Masu zuwa gaisuwa suna yaba haƙurina. Ba haƙuri ba ne. Ji nake kamar ƙafar da aka daɗe zaune a kanta, a taɓa ta ma ba ta sani ba.

Shekara talatin da ɗaya ka yi a gidan rediyo, a bayan gilashi, kana daidaita muryoyin mutane. Ba a taɓa jin taka muryar a iska ba, amma duk wanda aka ji tasa da kyau ta hannunka ta bi. Abokan aikinka sun ba ni labarin ranar da ka tsayar da ɗaukar shiri ka ce akwai wata wayar na'ura mai kuka. Mutum biyar suka kasa kunne, babu wanda ya ji komai. Ka durƙusa ƙarƙashin tebur ka zaro ta, a kwance take. Daga ranar sunan Mai Kunne ya bi ka, kai kuwa ka riƙe shi da hannu biyu, don Yaya, Allah Ya jiƙanka, ba ka ƙi yabo ba.

A unguwa kuwa kai ne asibitin rediyo. Tsohuwar da ke ƙarshen layinku ta kawo maka tata sau bakwai, duk bakwai ɗin batir ne ya ƙare. Ba ka taɓa faɗa mata ba. Sai ka karɓa da girmamawa, ka kwance bayanta, ka hure ƙura, ka sa sabon batir, ka ce, "Baba, da ƙyar na shawo kanta." Ka ce mini idan ta san batir ne za ta ji kunya ta daina zuwa, kuma ba rediyon ne ke kawo ta ba.

Ni ma ta nan ka kama hannuna. Da na samu aikin buga rubutu, ana ba ni muryoyin taro da aka naɗa in saurara in mayar da su takarda. Wasu muryoyin can ƙasa suke kamar daga rijiya, kullum in dawo gida da ciwon kai. Ban roƙe ka komai ba, ƙorafi kawai na yi. Bayan mako biyu ka miƙo mini gwangwanin alewa mai ramuka biyu da maɓallin murɗawa. Ka ce in sa wayar na'ura a wannan rami, hedifon a wancan. Amfilifaya ce ka haɗa mini, wato ɗan akwatin da ke ƙara wa sauti ƙarfi kafin ya iso kunne. Ranar na ji har numfashin shugaban taro. Shekara goma sha tara gwangwanin nan yana kan teburina.

Da ka yi ritaya sai ka mayar da ƙaramin ɗakin bayan kicin wurin aikinka. Tebur ɗaya, fitila mai lanƙwasa, mitar auna wuta, ƙarfen narka dalma, da kwalaben man shafawa cike da ƙananan kaya. Matarka ta ce ba ta gama shafa mai kake ɗauke kwalbar ba. A nan kake haɗa wa mutane irin akwatin da ka yi mini, kowa da nasa.

A cikin kowane akwati akwai wani ɗan baƙin abu mai ƙafa takwas, bai kai farcen ɗan yatsa ba. Ai-si ne, irin wanda masu sana'a ke kira of-am, shi ne ke ɗaga sautin. Iri-irinsu sun fi ɗari, kuma a kan zaɓensa kake kashe mako guda. Ka sha yi mini karatu ko ban tambaya ba. Wani shiru ne da shi amma ba shi da ƙarfin tura hedifon mai jan wuta. Wani yana da ƙarfi amma yana shan batir kamar raƙumi. Wani kuma mai tsada ne, mai sauri, idan ba ka sa masa ƙaramin kafasita mai daidaita masa wuta dab da ƙafarsa ba sai ya ɗau zafi yana rawar jiki shi kaɗai. Kana cewa babu wanda ya fi kowa, sai dai wanda ya dace da hedifon ɗin mutum. Shi ya sa ba ka taɓa haɗa wa kowa ba sai ya kawo maka nasa hedifon ka auna.

Ba ka liƙa ai-si da dalma. Soket kake sa masa, don a zare a sa wani. Sai ka ware guda uku da kake ganin za su yi, ka rufe lambobinsu da farin tef, ka ɗiga musu biro: ɗigo ɗaya, ɗigo biyu, ɗigo uku. Ka ce ido maƙaryaci ne, da ya ga lambar mai tsada sai ya raɗa wa kunne cewa ya fi daɗi. Mutane na cewa gani ya kori ji, kai kuwa ka ce a ɗakinka ji ne ya kori gani.

Abin da zan faɗa yanzu na nemi izinin matarka kafin in rubuta. Shekara huɗu da suka wuce ina zaune a ɗakin nan kana gwada wata waya. Mitarka tana yin ɗan ƙara siriri idan waya ba ta tsinke ba. Tana ta ƙara, kai kuma kana ta jujjuya wayar kana tsaki. Na ce, "Yaya, ai tana kuka." Ka ɗago ka dube ni, ka dubi mitar, ka ajiye wayar a hankali. Sannan ka ce, "Auta, rufe ƙofar."

Shekarun da ka yi da hedifon a kai ne suka cinye kunnen. Magana kana ji idan kana kallon bakin mutum. Amma siraran sautuka sun tafi, har da wannan shuuu ɗin da ai-si mara kyau ke yi a bayan murya, wanda dominsa ake zaɓe. Matarka ta riga ni sani, ta yi kamar ba ta sani ba, ta dai ƙara ɗaga murya a gida ta ce ita ce ta tsufa.

Daga ranar na zama kunnenka. Duk Alhamis in na tashi daga aiki sai in biyo. Kai ka riga ka yi naka da mita da lissafi da takardun bayanin kowane ai-si, ka rubuta wanda ka zaɓa a 'yar takarda, ka naɗe, ka danne da mita. Ni kuma in sa hedifon in saurari ukun, in faɗi nawa. Sannan mu warware takarda. Shekara uku ba mu saɓa ba. In mun dace sai ka bugi tebur ka ce, "Na ci! Kin ga tsohon doki?" In ce ai da kunnen aro kake sukuwa. Ka ce aron da ba ya fita daga gida ba aro ba ne.

A bana muka saɓa sau biyu. Na farko ka zaɓi wanda a takarda babu kamarsa, ni kuma na ji shuuu ɗinsa tun kafin kiɗa ya fara. Na biyu naka yana tsagewa idan murya mai kauri ta yi ƙarfi. Ba ka yi gardama ba, ka sa nawa. Amma bayan na biyun ka cire gilashinka ka ce, "In aka yi na uku na rufe ɗakin nan. Wanda ba ya ji ba shi da hurumin zaɓar wa mutane sauti." Na yi dariya na ce to ina za ka kai kwalaben. Ba ka taya ni dariyar ba. Na san ka, in ka faɗa ka gama, kuma na san ban da ɗakin nan babu abin da ke tashinka da safe.

Akwatin ƙarshe na tsohon abokin aikinka ne, mai karanta labarai, wanda idonsa ya yi rauni har ya koma wuni yana sauraron littattafan da aka naɗa. Ranar Litinin ka kira ni ka ce an gama, ai-si uku suna jira, takarda tana ƙarƙashin mita. Na ce sai Alhamis. Ranar Alhamis na aiko maka saƙo cewa aiki ya riƙe ni. Babu aikin da ya riƙe ni, Yaya. Ƙarfe huɗu na tashi, na zo har bakin layinku, na ga tagar ɗakin a buɗe, na juya. Tsoro nake ji kada in saurara in ji saɓanin abin da ka rubuta. In na faɗi gaskiya ni ce na rufe maka ɗaki. In na yi ƙarya kuma ban san wanne ka zaɓa ba balle in bi, kuma ko na sani, kai da ka hana ido yin ƙarya ba ka cancanci kunne ya yi maka ba.

Ranar Juma'a ka kira. Ka ce, "Auta, kunnuwana yajin aiki suka tafi ne?" Na ce Lahadi zan zo, ba fashi. Ka ce, "Allah Ya kai mu." Iyakar maganarmu ke nan.

A zaman gaisuwa kusan kowa sai ya ambaci kunnenka. Wani ya ce har ka koma ga Allah allura ba ta faɗi a bayanka ba ka ji ba. Ni da matarka muna zaune kafaɗa da kafaɗa, ba mu dubi juna ba.

A kwana na tara, da baƙi suka ragu, ta miƙo mini makullin ɗakin da hantsi. Komai yana yadda ka bar shi, sai dai kwalaye huɗu babu komai a ciki da aka jera a ƙarƙashin tebur. Na tambaye ta na mene ne. Ta tsaya a bakin ƙofa ta ce, "Ranar Juma'a da yamma ya roƙo su a kantin bakin titi. Ya ce in dai har Auta tana tsoron zuwa, to ta san hannunsa ya gaza, gara ya fara shiri."

Ta ja mini ƙofa. Na zauna a kujerata, ba taka ba. Na yi yadda ka koya mini. Na sa mai ɗigo ɗaya a soket, na duba tsagar kansa tana fuskantar inda ya kamata. Na auna mafitar sautin da mita kafin in sa hedifon, don ka ce wutar da ta tsaya a nan tana ƙona hedifon ɗin mutane. Na saurara babu kiɗa, sannan da murya. Ɗigo ɗaya yana da shuuu, kaɗan, kamar yayyafi a kan kwano. Na kashe, na zare, na sa ɗigo biyu. Shiru ne da shi, amma da na ƙara murya sai ta fara ƙanƙancewa. Na sa ɗigo uku. Don tsabar shirunsa na ɗauka ban kunna ba, sai da na duba 'yar fitilar akwatin. Da murya ta zo kuwa, ta zo a cike. Na maimaita ukun sau uku don kada in zalunci kowa. Uku ne, babu ko tantama.

Na ɗaga mita na warware takardar. Da rubutunka mai karkata ka sa: "Uku. Shi ne mafi araha, Auta za ta ce na cika rowa."

Na karanta sau biyu. Na juya wajen kujerarka na ce, "Ka ci, Yaya." Ban ji komai a ƙirjina ba. Na ji firjin kicin yana gurnani ta bango, na ji wani yana share tsakar gida. Minti ashirin aikin ya ɗauka, na duba agogo. Minti ashirin ɗin nan ne na hana ka ranar Alhamis, har ka je ka roƙo kwalaye.

Na ɗaure murfin akwatin, jiya na kai wa mai shi. Ya sa hedifon ya saurara, sannan ya ce, "Mai Kunne ke nan." Na ce masa haka ne.

Ina miƙa ta'aziyyata ga matarka, wadda ta rufa maka asiri shekara da shekaru ba ta ko nuna maka ta rufa ba. Allah Ya saka mata, Ya dafa mata. Ina yi wa 'ya'yanka uku da jikokinka, da abokan aikinka na gidan rediyo, da maƙwabtanka, har da tsohuwar ƙarshen layi wadda ta zo gaisuwa rungume da rediyonta. Allah Ya ba mu haƙurin rashinka.

Ya Allah, Ka jiƙan yayana, Ka gafarta masa kurakuransa, Ka yalwata masa makwancinsa, Ka haskaka shi. Ka sa kyautatawar da ya yi wa mutane a ɓoye ta tarye shi a fili. Ka haɗa shi da iyayenmu a Aljanna Firdausi, Ka kyautata namu ƙarshen. Ni kuma Ka yafe mini juyawar da na yi a bakin layi. Kuma ya Allah, ta hanyar da Kai kaɗai Ka sani, Ka isar masa da saƙon da na makara da shi, cewa wannan karon bai kuskure ba. Amin.