Yadda Na Juya Adireshin Ɓatattu

Ofishinmu ɗakuna uku ne a wani gidan haya a unguwar Dala, a babban birnin Borno, kuma aikinmu ɗaya ne: rubuta mutanen da suka ɓace a shekarun rikici. Uwa ko mata ko ɗan'uwa zai zo da hoto, a tambaye shi inda aka yi wa mutumin ganin ƙarshe, a buɗe wa ɓataccen shafinsa a intanet. Daga nan sai a ba wanda ya kawo hoton ɗan kati mai ɗauke da adireshin shafin, wani dogon adireshi mai alamar tambaya a tsakiya da lamba a ƙarshe. Duk wanda ya buga shi a waya zai ga hoton mutuminsa, a ƙasa an rubuta "ana nema".

Wanda ya gina wannan tsari wani dattijo ne daga kudancin Borno, Kirista, tsohon malamin firamare. Sai bayan ya yi ritaya ya koyi kwamfuta, daga wani littafi mai kauri da bangonsa ya yage. Kowa Baba yake ce masa. Shi ya kafa ƙa'idar da ake faɗa wa duk mai karɓar kati: idan labari ya zo, mai daɗi ko marar daɗi, za a fara kiran iyali a waya, sannan a sauke hoton daga shafin.

Ni kuma an ɗauke ni aiki ne saboda takardata. Kwamfuta na karanta, ina zaune a unguwar Mairi, kuma ina ganin babu wanda ya kai ni sanin ta a gidan nan. A makona na biyu na haɗa mutum biyu masu suna ɗaya daga ƙauye ɗaya, na mayar da su shafi guda, a zatona kuskuren maimaici ne. Baba ya gano. A taron safiyar Litinin, a gaban kowa, ya ce, "Ɗana, waɗannan mutum biyu ne, kowanne da uwarsa." Bai ɗaga murya ba. Wata ma'aikaciya ta yi 'yar dariya. Na gyara a ranar, amma maganar ta zauna mini a ƙirji fiye da shekara.

Sai aka kawo mana sabuwar shugaba daga Abuja, muna ce mata Hajiya. Tana jiran wasu baƙi daga waje masu tallafa wa ofishin, tana so komai ya yi kyan gani kafin su zo. Wata rana ta ɗauki kati ɗaya daga teburin Baba ta juya shi.

"Wannan adireshi ne ko lambar injin mota?" in ji ta. Ta dube ni. "Injiniya, ba za a iya mayar da shi kamar na mutane ba? Sunan shafinmu, sai sunan mutum, shi ke nan."

Na ce ana iyawa, yau ma.

Aikin ba shi da wuya. Shafinmu yana zaune ne a cikin wata kwamfuta da muke haya a nesa, wadda ake kira saba. A cikinta akwai wata 'yar manhaja mai juya adireshi: mutum zai buga gajeren adireshi mai kyau, ita kuma ta mayar da shi dogon da tsarin Baba ya sani, ba tare da mutumin ya ga abin da ya faru ba. Tana nan tun farko, a kashe take kawai. Washegari da safe, da rana ta hau kan sola wuta ta samu, na shiga sabar na kunna ta. Na canza kalma ɗaya a cikin saitin domin sabar ta yarda ta bi dokokin da zan rubuta. Na buɗe wani ɓoyayyen fayil mai suna da ke farawa da ɗigo, na rubuta dokar, na kashe sabar na sake tayar da ita. Karon farko shafin gaba ɗaya ya mutu, saboda na bar tazara a inda bai kamata ba. Na gano kuskuren, na gyara, na buga sunan wani mutum a bayan sunan shafin, hotonsa ya fito tsaf.

Ina cikin wannan murna Baba ya jawo kujera ya zauna kusa da ni. Ya daɗe yana kallon allon.

"Ya yi kyau ƙwarai," ya ce. "Ni ban taɓa iya wannan ba. To, katunan da ke hannun mutane fa?"

"Za a buga sababbi, Baba."

"Wasu sun koma ƙauyukansu. Wasu ba su da kuɗin Keke zuwa nan. Ka bar tsohon adireshin ya ci gaba da aiki, ko ka sa ya riƙa kai mutum sabon. Na san za ka iya."

Gaskiya ya faɗa. Da ban taɓa komai ba ma, tsofaffin adireshin za su ci gaba da buɗewa yadda suke. In kuma ina son tsafta, layi uku ya isa ya ɗauki lambar da ke kan kati ya kai mutum sabon shafin nasa. Na ce masa zan duba. Da ya fita sallamar wasu mata da suka zo da hoto, na ƙara doka ɗaya a fayil ɗin: duk adireshin da ya zo da alamar tambaya da lamba, a tura shi shafin farko. A shafin farko kuwa babu kowa sai hoton Hajiya tana murmushi, da jawabinta na maraba da Turanci.

Na gaya wa kaina cewa don kada a samu adireshi biyu ga mutum ɗaya ne. Amma na san abin da na ji lokacin da na danna maɓallin ajiyewa. So nake aikin dattijon nan ya daina amfani a hannun duk wanda ya riƙe shi.

Kafin mako biyu waya ta fara shigowa. Hajiya ta kira taro ta tambayi abin da ke faruwa. Na miƙe na yi bayani, rabi da Hausa rabi da manyan kalmomin Turanci. Na ce tsohon tsarin ba a gina shi bisa ƙa'ida ba, wanda ya yi shi bai san aikin ba, don haka babu yadda za a haɗa shi da sabon.

Baba ya dube ni. "Ba za a iya ba, ɗana, ko dai ba a yi ba?"

"Baba, wannan ba irin abin da ake koyo a littafi ɗaya ba ne."

Wannan karon ma an yi dariya, har da ma'aikaciyar nan. Hajiya ta ce duk mai son sabon kati ya zo ya karɓa. A ƙarshen wata ta kira Baba ofishinta ta ce shekaru sun ja, ya kamata ya huta. Ba a yi masa walima ba. Ya zuba fulas ɗin shayinsa da Littafi Mai Tsarki da littafin kwamfutarsa a jakar leda, ya bi mu ɗaya bayan ɗaya ya yi sallama. Da ya zo kaina ya ce, "Allah ya taimake ka da aikin." Aka ba ni teburinsa, na kusa da taga.

Ranar da baƙin suka zo Alhamis ce, ana zafin da ko fanka iska mai zafi take hurawa. Wajen azahar wata mata ta shigo cikin lafaya ruwan toka da ta koɗe, za ta kai shekara hamsin. Ta tsaya a gaban teburin tana duban fuskata.

"Wushe, ɗana," ta gaishe ni da Kanuri. "Ina Baba?"

"Ya bar aiki, Mama."

Ta kwance bakin lafayarta ta fito da wata leda, a cikin ledar akwai wata, a ciki kuma katinmu ne, ya yi laushi saboda riƙo. Hausarta da nauyin harshen Kanuri take. Ta ce daga Gwange take. Mijinta ɗan tireda ne, ya fita sarin kaya wata safiya bai dawo ba. Duk Juma'a bayan an sauko daga masallaci 'yar maƙwabciyarta takan buga mata adireshin a waya, ta ga hotonsa, ta ga har yanzu ana nema, ta koma gida.

"Juma'a huɗu ke nan ba ya fitowa," ta ce. "Wata mata ce take fitowa tana dariya. Baba ya ce idan an sauke hoto, labari ya zo. Ba a kira ni ba. Ko an kira lokacin da wayar take wurin caji?"

Shafin mijinta yana nan, babu abin da ya same shi. Da na tambaye ta sunansa na buga, da ta gan shi kafin ta gama mayar da numfashi. Amma a daidai lokacin na ji muryar Hajiya a baranda tana shigowa da baƙin, kuma ni ne zan nuna musu sababbin adireshin a babban allo. Ban so su tarar da tsohuwa da tsohon kati a teburina tana ba da wannan labari. Na karɓi katin, na buga adireshin a wayata a gabanta ina sane da abin da zai fito. Hoton Hajiya ya fito tana murmushi.

"Kin gani, Mama. Wannan an rufe shi."

"An rufe?"

"An rufe."

Ta dafa gefen tebur. "Da rai aka same shi, ko kuwa..."

"Ni ban san wannan ba. Ki dawo wani makon, yanzu muna da baƙi."

Ba ta yi kuka ba. Ta ce, "To, na gode," ta gyara lafayarta, ta raɓa ta gefen baƙin ta fita. Katin ta bar shi a kan tebur, na tura shi cikin aljihun tebur da gefen hannu. Nunin da na yi ya yi kyau, baƙin suka yi ta gyaɗa kai, ɗaya daga cikinsu har ya ɗauki hoton allon.

Ba ta dawo ba. Bayan kamar wata biyu, na taso daga aiki da la'asar, sai na tarar da Baba a tsaye a bakin ƙofar gidan. Mai gadi bai bar shi ya shiga ba, an ce sai da izinin Hajiya. Ya rame. Muka gaisa, ya tambaye ni ko wata mata daga Gwange ta zo, ya faɗi lambar katinta da ka.

Na ce mutane da yawa suna zuwa.

"Ta koma gida ta gaya wa limamin unguwarsu cewa ofis ya rufe maganar mijinta," in ji shi. "An yi masa addu'a. An raba tufafinsa. Yanzu haka takaba take yi. Wata da muke coci ɗaya da ita, maƙwabciyarsu, ita ta gaya mini. Na je na ce mata babu labarin da ya zo, kuskuren na'ura ne. Ta bayan labule ta amsa mini. Ta ce, Baba, kada ka dawo mini da shi, na riga na binne shi."

Ya ciro takarda daga aljihun rigarsa ya miƙo mini. Layi uku ne da rubutun hannunsa irin na malaman da, kowane harafi a tsaye. Dokar da za ta ɗauki lambar kati ta kai mutum sabon shafin ce. Ya ce mako uku ya yi yana haɗa ta, bai da inda zai gwada, in duba ko daidai ne. Akwai kuskure ɗaya a layi na biyu. Ban gaya masa ba. Na ce zan gani.

Washegari na goge dokata na sa tasa, da gyaran. Minti goma bai cika ba. Na gwada da katin matar a kwamfutar ofis, mijinta ya fito: siririn mutum da hula zanna, yana tsaye a gaban tiredarsa. Amma da na gwada a wayata, wadda na taɓa buɗe tsohon adireshin da ita, Hajiya ce ta sake fitowa. A nan na tuna cewa lokacin da na rubuta dokata na sa mata alamar cewa turawar ta dindindin ce. Duk wayar da ta taɓa bin ta sau ɗaya ta haddace, ba za ta ƙara tambayar sabar ba sai an shiga an share abin da ta ajiye. Wato waɗanda suka fi kowa dubawa, masu buɗewa duk mako, su ne gyaran bai kai gare su ba.

Na aika wa Baba saƙo cewa an gyara, na rubuta masa yadda ake share ajiyar waya. Hajiya ban gaya mata komai ba. A taron ƙarshen shekara ta ambaci aikin adireshin cikin abubuwan da aka cim ma, ta sa aka tafa mini, aka kuma ƙara mini matsayi.

Daga baya na ji cewa Baba yana bin gidajen da ya tuna a ƙafa, Gwange da Dala da wasu unguwannin, yana karɓar wayoyin mutane yana share musu. Sau ɗaya na gan shi. Ina cikin Keke za ni wani ɗaurin aure, cunkoso ya tsayar da mu a Gwange. Yana zaune a kan benci a gindin dogon yaro, tabarau a ƙarshen hanci, waya a hannunsa, mata uku sun kewaye shi. Ya ɗago kai, ya gan ni, ya ɗaga mini hannu. Mutumin da ke kusa da ni ya taɓa ni ya ce, "Malam, kamar da kai dattijon can yake." Na ce ina jin ya ɗauke ni wani ne. Hanya ta buɗe, mai Keke ya ja muka wuce.