Motar da take ja dama

Bayan an yi arba'in ɗin mahaifinmu, tsohuwar motarsa ta faɗo a rabona. Da ita nake kai Inna asibiti duk ranar Alhamis.

Tun fitar farko na ji tana ja dama. Ba da ƙarfi ba. A hankali take yi, kamar wani ya ɗora hannu a sitiyari yana jira in sassauta. In na riƙe, sai mu yi ta ja-in-ja har mu isa. Wata safiya a lungunmu na Madabo na ɗan waiwaya zan amsa wa Inna, sai ga tayar gaba a bakin kwata. Inna dai ta ƙara riƙe carbinta.

Albashin malamin firamare ba ya sayen sababbin tayoyi. Na kai wa mai faci ya daidaita iska, ya mayar da na baya gaba. Na sayi shoka biyu na hannu. Wani ya ce in sa buhun yashi a but, na sa. Mota ta daina tsalle a kan ramuka, amma jan yana nan. Har na fara yin sallama in zan shiga, ban san dalili ba.

Daga ƙarshe na je wajen tsohon bakaniken mahaifinmu a Ƙofar Nassarawa, Inna tana zaune a kujerar baya. Ya leƙa ƙasan motar, ya daɗe bai miƙe ba. Sannan ya ja ni gefe.

"Malam, motar nan lafiyarta ƙalau. Ni na saita ta haka."

"Da gangan?"

"Shekara biyu ke nan hannun hagun Alhaji ya yi sanyi. In ya ɗora shi a sitiyari, nauyinsa yake jan mota hagu. Ya ce in karkatar da ita dama kaɗan, su haɗu a tsakiya. Ya ce kada yaransa su ji, don za ku karɓe mukulli."

Na tuna hannun nan kullum cikin aljihun riga. Mun ɗauka ɗabi'a ce ta tsufa.

"In miƙar da ita?" in ji shi.

Na dubi Inna ta gilashi, na tuna bakin kwatar nan. Na ce ya miƙar.

Bai yi rabin awa ba. Muka kamo hanyar gida da hantsi, mota tana tafiya sak, sitiyari sakayau a hannuna, babu mai riƙe ɗaya gefen.

Inna ta ce, "Ka sa an gyara."

"Kin san da maganar hannun?"

"Wa kake tsammani yake ɓalle masa maɓallin wuya?"

Ta juya tana kallon titi. Da muka isa gida na kashe mota, ta ɗan jima ba ta fita ba, tafinta a kan bayan kujerata.