Ina Ce Wa Likita Da Sauƙi, Gwiwata Na Lalacewa

Salama gare ku 'yan uwa. Na san na yi ɓatan dabo a shafin nan, har wata ƙawata ta kira daga Kumasi tana tambaya ko kama ni aka yi. Ba wanda ya kama ni, gwiwa ce ta kayar da ni. Yau na ce bari ku ji daga bakina.

A sanyin bara na fito daga gidanmu a unguwar Tremont, nan ƙasar Turawa, zan tafi wajen tsohuwar da nake kula da ita. Ashe ƙanƙara ta daskare a matakalar ƙofa. Ƙafar dama ta zame, gwiwa ta murɗe, na ji wani abu ya ce ƙas a ciki.

A asibiti aka ɗauki hoto, aka ce ƙashi lafiya lau. Aka ba ni maganin ciwo da sanda, aka ce in riƙa dawowa.

Da na koma likita ya tambaye ni yaya ƙafa. To me zan ce? Yadda aka rene mu, in an ce yaya jiki, da sauƙi ake cewa. Ita na juya masa da Turanci. Ya yi murmushi ya rubuta. Duk zuwan da na yi haka muke rabuwa, shi yana murna, ni ina komawa gida da gwiwa kamar tulu.

Ciwon na iya daurewa. Abin da ya ci mini rai shi ne sallata ta koma kan kujera. Na san Allah ya yi rangwame, amma in na ga mata a masallaci sun kai goshi ƙasa, ni ina zaune a kansu kamar alƙali, sai hawaye ya zubo. Tsoro ya kama ni ko na yi sujadata ta ƙarshe ke nan ban sani ba.

Tunda a wajensu warkewa nake, sai aka tura ni wurin masu motsa gaɓoɓi. Nan na haɗu da Mirna, 'yar ƙasar Kuroshiya, doguwar mace marar yawan dariya. Ta tambayi jiki, na ba ta amsar da na saba. Tana lanƙwasa ƙafar na cusa mayafi a baki.

Ta saki ƙafar ta dubi 'yata Rukayya da ta rako ni. Ita kuwa uwar iyayi ta gaya mata da Turanci wai Mama ko wuƙa ce a wuyanta da sauƙi za ta ce. Na galla mata harara, amma gaskiya ta faɗa.

Mirna ta ciro waya ta nuna mini wata 'yar ƙasarsu, gwanar tseren zamiya a kan dusar ƙanƙara. Mace ta taho daga kan dutse tana ratsa sanduna kamar an harbo ta. Na ce wace mai hankali ce za ta hau dutse don ta gangaro da gangan, ni da matakala ɗaya ta gama da ni? Mirna ta ce gwiwar da nake kallo an yanka ta ba sau ɗaya ba, ba sau biyu ba, har wuyanta an yi wa aiki, amma ta koma ta ci lambar zinare a gaban duniya.

Sai ta ce, “Ba a gyara gwiwa da kunya. Faɗa mini inda yake miki ciwo.”

Ranar na faɗa, tun daga farko har ƙarshe.

Aka sa ni cikin na'urar MRI, wani rami mai ƙara da ke ɗaukar hoton cikin jiki. Jijiyar da ke riƙe gwiwa ta tsinke, guringuntsi kuma ya yage saboda takawar da na yi ta yi a kai. Likita ya ce sai an yi tiyata, kuma da ya ji gaskiya tun farko, da aikin bai kai haka ba. Masu inshorar lafiya suka ja mu kafin su yarda su biya, aikina ya tsaya, gidan ya koma wuyan Rukayya.

Na ji tsoron tiyata ƙwarai, har na kira gida na nemi gafarar kowa.

Bayan aiki Mirna ta tambaye ni me nake so ƙafar ta koma yi. Ta zaci hawan bene zan ce. Na sa Rukayya ta yi mata sujada a tsakar ɗakin. Ta daɗe tana kallo, ta ce ba za ta yi mini alkawari ba. Na ce ban nemi alkawari ba, mu dai fara.

Muka fara da tarin matasan kai a ƙasa, ina durƙusawa a kai. In jiki ya saba sai ta zare ɗaya. Na yi kuka, na yi mata Allah ya isa da Hausa, tana cewa in ƙara.

A azumin bana na ture kujera a sallar la'asar, na kai goshina ƙasa. Na daɗe ban ɗago ba. Rukayya ta ɗauka addu'a ce ta yi tsawo. Addu'ar na yi, amma tashin ma ya gagara, sai da ta kama ni muna dariya muna kuka.

Na gode wa Allah. Na gode wa Rukayya, da Mirna, da matan masallaci da suka yi ta kawo tuwo. Allah ya saka wa kowa da alheri.

Shawarata, da sauƙi ta masu zuwa dubiya ce, ku ba su abarsu. Likita kuwa ku gaya masa ciwo yadda yake, in Turanci ya gaza ku nemi tafinta. In kun raka iyayenku asibiti, ku buɗe baki ko za a harare ku.

Zaman tahiya bai samu ba tukuna, har yanzu gefe nake miƙe ƙafar. Mirna ta ce in haƙura da wannan. Ranar Laraba zan koma wajenta, kuma na riga na gaya mata da shi za mu fara.