Masu Kallon Tsuntsaye Sun Koma Masu Kora

Kano zuwa Kura

Da sallame asuba muka bar Kano, ni da Malam Sabo, shugaban ƙungiyarmu ta malaman makaranta masu kallon tsuntsaye. Labari ya iso masa cewa wani Alhaji Mati, a wani ƙauye kusa da Bunkure, zai sare tsamiyar ƙofar gidansa, wadda shamuwa ke sheƙa a kanta kowace damina. Sai ya aika da direban motar tumatir ya ce muna tafe.

Malam Sabo mutum ne mai doka ɗaya: a yi shiru. Ko tari ka yi sai ya harare ka, wai za ka firgita tsuntsu. A shingen 'yan sanda wani kofur ya karɓi madubinsa na hangen nesa, ya leƙa ta baya, ya ce, "Malam, ai wannan nisanta mutum yake!" Muka wuce ina ƙunshe dariya.

Kura zuwa ƙauye

A Kura muka karya da ƙosai da koko, muka hau a-kori-kura tare da kwandunan tumatir. Muka bi gefen kanal, wato magudanar ruwan noman rani, alkama ta yi jawur dama da hagu, tsuntsayen jan-baki na tashi a kanta kamar hayaƙi.

Tarbar da aka yi mana a gidan Alhaji Mati ta ba ni tsoro. Tabarma sabuwa, fura, ga dakwalen kaji. Sai da muka suɗe ƙashi Alhaji ya ce, "To, ina maganin? Ko jirgin ne zai zo daga baya?"

Ashe direba cewa ya yi "masu tsuntsaye" na zuwa, gari ya ɗauka masu feshin jan-baki ne!

Malam Sabo ya ce, "Alhaji, mu kallonsu kawai muke yi."

"Kallo? Su suna cin alkamata, ku kuna kallo? Wayyo kajina!"

Wallahi kunya ta kama ni har kunne. Amma Malam bai fasa ba, ya kawo zancen tsamiya. Alhaji ya ce, "Iyayenmu sun ƙyale shamuwa don ita ke albishir da damina. Yanzu ruwa na bin kanal har da rani. Me za ta faɗa mini? Kashi kawai take zuba mini a ƙofa. Jibi mai gatari zai zo."

Malam ya dubi tsofaffin sheƙunan da ke sama, idonsa ya kawo ruwa. Ya ce, "In mun tsare maka alkama har a yanke fa?"

Alhaji ya yi murmushi. "In ta shiga buhu, tsamiya ta sha."

A gona

Aka ba mu gwangwanaye da tsakuwa a ciki, da igiya mai tsummoki. Jama'a, ku zo ku ga Malam Sabo, sarkin shiru, ya naɗe wando yana gudu a kan kunya, madubi na lilo a wuya, yana "Haa! Kai! Ku tashi, 'yan banza!" Na ce masa, "Malam, a yi shiru, za ka firgita tsuntsu." Ya wurgo mini hoge.

Hutun ƙarshen mako ya ƙare, alkama da saura. Malam ya ce ko sama da ƙasa za su haɗu ba ya tafiya, ya tura ni in nemo masa izini a makaranta.

Komawa gida

Ni na iso Kano bayan la'asar. Shi sai da aka yi sussuka ya dawo, ya yi baƙi, muryarsa ta dishe, ko gaisuwa sai da hannu.

Da bazara ta kai ƙarshe, direban nan ya tsaya a ƙofar makaranta da saƙon Alhaji: "Ka gaya wa Malam baƙinsa sun sauka lafiya, har sun ɓata mini sabuwar hula."

Malam Sabo ya zauna a dakali, ya rufe fuska da hannu. Wannan karon babu wanda ya ce a yi shiru, kowa ya yi da kansa.

Alhaji Mati, mun gode da kaji. Allah Ya bar tsamiya.