Sunan da na sa wa 'yata

Don Allah jama'a, ana iya canja wa jariri suna bayan an yanka rago?

Ban daɗe da zuwa Jimeta ba, keke nake ja, ba ni da wanda zan tambaya.

Matata ta haihu sati biyar ke nan. Tana da ƙanwa Saratu, ta ɓace ranar da 'yan bindiga suka shiga garinsu, har yau ba labari. Na ce bari in faranta mata rai, na sa wa jaririyar Saratu. Ban yi shawara da ita ba, sai ranar suna ta ji a bakin mata.

Tun ranar abinci sai an matsa mata. Tana ba da nono tana kallon bango. In maƙwabta suka ce "Maman Saratu", sai ta shige ɗaki.

Yau da rana na dawo na same ta tana kuka. Na ce, "Wai me na yi miki ne?"

Ta ce, "Malam, ni kullum jiran ta nake. Kai kuma ka mayar da sunanta kamar wadda ta mutu. In an kira yarinyar nan, ƙofa nake dubawa."

Wallahi alheri na nufa.

Goggo mai gidan hayarmu ta ce a sa wa yarinyar laƙabi, amma uwar a kai ta asibiti, abin ya fi ƙarfin suna.

Wanda ya taɓa ganin irin wannan ya faɗa min. Bari in tafi, matar tawa ta yarda mu je asibitin, kar ta fasa.