Haruffan Da Umma Ta Zaɓa

Shekarun baya kenan, ina aiki a wani ɗan shagon buga katin biki a Mile 2, Diobu, cikin Fatakwal. A lokacin gani nake gwani shi ne wanda ya fi iya lanƙwasa harafi. Katin da ya fito daga hannuna sai ka karkata kai kafin ka gane na aure ne ko na suna.

Mahaifiyata ta daɗe a Fatakwal, har ciniki take yi da Pidgin, amma ba ta yi boko ba. Duk inda za ta, mahaifina ke kai ta. Da ya rasu, sai ya zama ba ta fita sai ɗayanmu ya samu sarari. Ga ƙanwata tana aure a unguwar Rumuokoro, cikinta ya tsufa. Wata rana Umma ta ce da ni, "Ka koya mini karanta allon hanya. Na gaji da jiran mutane."

Na bugo mata haruffa da rubutun da nake ji da shi, mai jela da ƙafafu. Ta ɗaga takardar, ta nisanta ta, ta sake kusanto da ita.

"Wannan karatu ne ko zanen lalle?"

Na koma kan kwamfuta ina ɗan jin haushi, na zaɓo wanda na fi rainawa. Ba ƙafa, ba jela, kaurin layinsa ɗaya daga sama har ƙasa, cikin kowane harafi a buɗe, irin na jikin kwalin magani. Ta duba ta ce, "Yauwa. Wannan ba shi da iyayi."

Da shi muka riƙa karatu bayan la'asar, tana gyaran alayyahu ina nuna mata da tsinke. RUMUOKORO ya ba ta wuya. Ta ce O ta yi masa yawa, kamar an jera ƙwai a faranti.

Ranar da ƙanwata ta haihu ina Anacha, na je kai aiki. Na kira gida, maƙwabciyarmu ta ce Umma ta fita ita kaɗai tun safe. Ina tsaye a tasha ina tunanin ta ina zan fara nemanta, sai ga kiran mijin ƙanwata.

"Yaya, kwantar da hankalinka. Ga Umma nan, har ta ɗauki jariri."

Ta karɓi wayar, muryarta kamar ta yarinya. "Da idona na ga allon, na ce wa kwandasta ya tsaya. Ban tambayi kowa ba."

Yanzu Allah ya yi wa Umma rasuwa, ni kuma har yau ina wannan sana'a. Katin aure ina yi masa kwalliyarsa. Amma in aikin allon asibiti ne ko na tasha, wancan rubutun da ta zaɓa nake ɗaukowa, ko da abokan aiki za su ce na tsufa. In na gama sai in liƙa shi a bango, in ja da baya, in tambayi kaina: tsohuwar da ke cikin bas mai gudu za ta karanta shi kafin a wuce da ita?