Gefen da Talabijin Ta Yanke

Ni ɗan fari ne, kuma a gidanmu na Ɗanzomo wannan ba ƙaramar magana ba ce. Tun da na yi wayo ban taɓa jin Inna ta kira sunana ba. In tana son ta aike ni, sai ta dubi danga ta ce, "Ko akwai mai ɗebo ruwa a gidan nan?" alhali daga ni sai kaji a tsakar gida. Baba kuwa ya fi ta. Har ya koma ga Allah ban san ranar da ya dube ni ido cikin ido ba. In na durƙusa gaisuwa a zaure, idonsa na kan carbi yake amsawa. Ban riƙe shi a raina ba, don haka na ga ana yi wa kowane ɗan fari a garinmu, amma ƙarya nake in na ce ina yaro ban yi kishin ƙannena da yake saɓawa a kafaɗa ba.

Shi ya sa da Inna ta so wani abu a wurina, matata ta faɗa wa. Lokacin ina koyarwa a wata sakandare a Gumel, Inna kuma ta fara zuwa asibiti saboda idonta. Likita ya ce hawan jinin ido ne, ganin da ya tafi ba ya dawowa, magani sai dai ya rage wa ciwon gudu. Wata rana ita da matata sun dawo daga asibiti suna gyaran zoɓo a tsakar gida, sai ta ce wa matata, kamar ba da wata manufa ba, "An ce ranar bikinku mai hoton nan mai motsi ya ɗauki mutanen gida. Ko Malam ya fito a ciki, oho." Malam shi ne Baba. Bai bar hoto ko ɗaya a duniya ba, don ba ya son a ɗauke shi, na katin zaɓensa ma ruwa ya cinye shekarar da ɗakinsa ya yi yoyo. Na gane abin da take nufi. Tana son ta ƙara ganin fuskar mijinta tun idon yana iya gani.

Faifan bikin yana ƙasan akwatin matata, duk ya kwarzane. Na'urar kallon faifai kuwa ta daɗe da mutuwa, sai kwamfutata ta cinya ce kaɗai ke da wurin sa shi. Ita ma kwamfutar tana da nata tarihin. A kasuwar Maigatari na saye ta hannun wani mutumin ƙetare da ke ce mata ordinata. Komai na cikinta Faransanci ne, har madannanta ba a inda na saba suke ba, ga nawa kamar jakin da aka ɗora wa taiki biyu. Wani abokina da muka yi koyarwa tare a Gagarawa shi ya share ta tas ya sa mata wata manhaja da ake kira Linux. Ya ce, "Wannan aikin gayya ne, mutanen duniya suka taru suka gina, kowa na iya buɗe cikinta ya gyara." Na ji daɗinta ƙwarai, ta koma gudu kamar sabuwa. Abin da bai faɗa mini ba shi ne, aikin gayya in ya karkace babu mutum ɗaya da za ka kama.

Da ƙyar da lallami na kwashe bidiyon daga faifan zuwa cikinta. Na danna, sai ga guɗa tana tashi rangaɗau, ga kalangu, ga muryar gwaggona tana yi wa masu rabon abinci faɗa. Hoto kuwa kore shar, kamar an shafa wa allon miyar kuka. Can wasu inuwoyi suka fara gilmawa, fuskokinsu shuɗaye. Matata ta leƙo ta ce, "Injiniya, aljanu ka gayyato bikina?" Injiniya take ce mini duk ranar da ta ga na ɗauko abin da ya fi ƙarfina.

Na kira abokina. Ya ce direba ne. Wai akwai wata 'yar manhaja da ke tafinta tsakanin kwamfuta da katin da ke zana hoto a allo, ita ake ce wa direba, in tafinta ya rikice sai a ce fari kati ya ji kore. Ya ce iri biyu ne, akwai na gayya da ya zo da ita, akwai kuma na kamfanin da ya ƙera katin. Ni da azarɓaɓi ban tsaya na ji ƙarshen maganarsa ba. Na ce ai mai kaya ya fi kowa sanin kayansa, na sauke na kamfani na sa, na kashe na kunna.

Baƙi ƙirin! Ba kore ba shuɗi, sai wani ɗan farin ɗigo a kusurwa yana ƙifta mini ido. Garin neman gira na rasa ido. Wallahi ranar na yi fushi har na ɗaga ta zan maka da ƙasa, sai na tuna bidiyon yana cikinta, faifan kuma ba lalle ya sake yarda a kwafe shi ba. Na ajiye ta a hankali kamar ƙwai.

Ranar Asabar na zauna ƙarƙashin darbejiyar ƙofar gida da wayata, ina bin zaurukan intanet inda masu irin wannan kwamfuta ke kai kukansu. Abin da ya ba ni mamaki, har yau kuma yake burge ni, shi ne duk matsalar da ka shiga wani ya riga ka shiga, ya kuma bar maka sawu. Wani bawan Allah a wata ƙasa da ban san inda take ba ya faɗa ramin da na faɗa, wasu suka zo suka fito da shi daki-daki, ba su san shi ba, ba su kuma nemi komai a wurinsa ba. Ashe katina tsoho ne, direban kamfani ya daɗe da daina kula irinsa. Na bi yadda suka ce. Na buɗe wani baƙin allo da ba ya jin komai sai rubutu, ina kwafar umarni harafi-harafi daga waya. A nan madannan Faransa suka ci mini tuwo a ƙwarya, in danna wannan harafi wancan ya fito, har kalmar sirrina ta ƙi ni kamar ba ni na raɗa ta ba. Daga ƙarshe dai na tumɓuke direban kamfani na maido na gayya. Na kuma shiga saitin manhajar kallo na hana ta miƙa wa tsohon katin aikin fassara bidiyo, na ce kwamfutar ta yi da kanta.

Sai ga mutane da kalarsu ta 'yan Adam. Na yi hamdala da ƙarfi har maƙwabcina ya leƙo ta katanga. Na riƙa tsallakawa ina neman Baba, na same shi wurin ɗaurin aure, can a gefen hagu, rabin jikinsa a bayan ƙofar zaure, kansa bai wuce ƙwayar gyaɗa ba. Ban tsaya kallo ba, na dai ga yana nan. Wannan ɗan allo kam Inna ba za ta ga komai a ciki ba, don haka na samo wayar haɗi na jona da talabijin ɗin falo. Hoto ya cika gilashi ɓam, na ce shi ke nan, aiki ya ƙare.

Ranar asibitin Inna ta zagayo, lokacin ana tsakiyar yankan gero. Inna ba ta taɓa kwana a gidana ba, kullum motar la'asar mai zuwa Sule Tankarkar take bi ta koma Ɗanzomo, wai wa zai kula mata da awaki. Bayan azahar matata ta shimfiɗa mata tabarma dab da talabijin, don ta ƙi kujera. Ni na rakuɓe a baya kusa da ƙofa da kwamfutar a cinya, saboda in ina gabanta ba za ta sake ba.

Ta sake kuwa. Kafin matata ta ce ga wance, ita ta riga ta gane ta da murya. Ta yi dariya da gwaggo ta fito tana faɗa da ludayi a hannu, ta ce, "Allah ya jiƙan masifaffiya." Ta ga tsohuwar bishiyar kurnar da aka sare. Ni kuwa zuciyata na wurin ɗaurin aure. Aka zo wurin, ga liman, ga ni a tsakiyar abokai cikin farar malum-malum ina sunkuyar da kai, ga bangon zaure a hagu. Daga bango sai ƙarshen gilashi. Babu ƙofa, babu Baba.

Na ce ko wani wurin ne na gan shi. Na bari ya ci gaba har aka kai amarya, har bidiyon ya ƙare. Inna ta gyara mayafinta ta ce wa matata, "Ai dama na sani. Ba ya shiga irin wannan." Ta faɗe shi a sanyaye, ba ƙorafi, ta fara laluben takalmanta. Wannan sanyin nata ya fi mini zafi a kan a ce ta yi kuka.

Na ce, "Inna, a ɗan dakata."

Ta ce wa matata, "Faɗa masa mota ba ta jira."

Na dubi allon cinyata, na dubi talabijin. Da idona na gan shi, kuma ban fara zarewa ba. Sai na lura da wani abu ɗan ƙarami. Agogon da ke kusurwar allon kwamfuta babu shi a talabijin. Na ja 'yar kibiyar nan zuwa hagu, a kwamfuta tana nan, a talabijin ta shige ta ɓace. Ashe talabijin ɗin ce ke buɗa hoton ya fi ƙarfin gilashinta, tana yanke gefunansa duka huɗu. A wasan ƙwallo wa zai kula? Amma mutumin da duk rayuwarsa a gefe yake tsayawa, shi ta cinye.

Na ƙifta wa matata ido. Allah ya yi mata albarka, nan take ta ce ai ba za a tafi ba a sha furar da ta dama ba, ta kuma tafi ɗauko ta da tafiyar hawainiya. Na daddanna rimot ta ko'ina, saitin talabijin ɗin ba shi da wurin gyara wannan. Na kira abokina bai ɗauka ba, sai ga saƙon murya a gaggauce, yana cikin aji, wai in bar talabijin da halinta, in umarci kwamfuta ta tsuke hoton ta bar masa baƙin gefe, sai talabijin ta ci gefen ta bar hoton. Ya turo umarnin. Na rubuta, garin sauri na kuskure lamba, mutanen biki suka miƙe dogaye sirara kamar karan dawa. Na goge na sake. Hoton ya ɗan ja baya, wani siririn baƙin layi ya kewaye shi, agogo ya fito a kusurwa.

Na mayar da bidiyon wurin ɗaurin aure. Ga bango, ga ƙofar zaure, ga shi. Na tsayar, na jawo wannan gefen kusa har ya cika gilashin. Hoton ya ɗan yi dishi-dishi, amma shi ne, hularsa ta karkace baya yadda yake sa ta in ya dawo gona, hannu ɗaya riƙe da ƙyauren.

Matata ta ajiye kwanon fura ta ce, "Inna, duba."

Inna ta matsa har hancinta ya kusa taɓa gilashin. Ta karkata kai ta ɓangaren idon da ya fi gani. Ta daɗe a haka, sannan ta ɗora tafin hannunta a kan kafaɗarsa ta ce, "Shi ne." Daga inda nake na ga abin da ban gani ba a ƙaramin allo. Baba ba liman yake kallo ba, ba kuma mai ɗaukar hoto ba, don da ya san ana ɗaukarsa da tuni ya shige. Ni yake kallo. Ina can na sunkuyar da kai cikin abokai, shi kuma ya laɓe a bayan ƙofa yana murmushi har wushiryarsa ta fito. Ban taɓa sanin yana da irin wannan fuskar ba.

Aka kira la'asar. Matata ta ce, "Inna, mota fa."

Ta ce, "Bar ta ta tafi, awaki ba za su mutu ba." Ba ta ɗauke ido daga gilashin ba. Can ta ƙara cewa, da matata take magana kamar kullum, "Haka yake kallonsa tun yana rarrafe. Sai in ya waiwayo ya kau da kai."

Na tashi na fita wai zan yi alwala, na daɗe a bakin randa ban ɗebi ruwan ba.

Yanzu ganin Inna ya yi nisa, haske da duhu kawai take rarrabewa, amma ba ta cika damuwa ba, takan ce ta ga abin da take son gani. Kwamfutar tana nan tana aiki, har na zama mai ba wasu amsa a zaurukan nan in sun faɗa ramin da na sani. Baƙin layin ma yana nan kewaye da hoton duk lokacin da na jona ta da talabijin. Yarana suna ƙorafi wai yana rage musu girman fili in suna kallon ƙwallo. Na ce su yi haƙuri da shi, ba zan cire ba.